Wai don na rubuta "jajirtacce" aka datse mini aikin kwana uku?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, gara in faɗa a nan kafin in yi abin da zan yi da-na-sani. Kwana uku na yi ina haɗa muƙala a Wikipedia ta Hausa a kan ɗan majalisar tarayya na mazaɓarmu. Datar dubu biyu ta ƙare a kai, waya kuma sau biyu nake kai ta caji a rana. Da safen nan na buɗe sai na tarar wani edita ya bi ta da almakashi, sakin layi bakwai sun koma uku. Ya cire "jajirtaccen ɗan siyasa mai kishin talakawa", ya cire "wanda ya share wa al'ummarsa hawaye", har jerin rijiyoyin burtsatsen da ya haƙa bai bari ba. Dalilin da ya rubuta kawai shi ne ba tsaka-tsaki ba ne, kuma babu madogara. Ni da idona na ga rijiyoyin nan. Ɗaya ma a bakin layinmu take, da ruwanta na yi alwalar asuba. Wace madogara ce ta wuce wannan?

Jar Hula: Wa alaikumus salam. Ɗan wace jam'iyya ne tukuna, in san ko zan taya ka fushi?

Malam Mai Alli: Jar Hula ka fara ko. Ƙanina Ɗan Kurna, sannu da ƙoƙari, kuma kwantar da hankalinka, ko harafi ɗaya bai ɓace ba. Danna tarihin shafin za ka ga rubutunka yadda ka bar shi. Roƙona ɗaya, kada ka mayar da shi da ƙarfi. Ka mayar ya cire, ka mayar ya cire, ƙarshenta a toshe ku ku biyun. A ɓangaren Turanci ma doka ce a rubuce, wanda ya wuce sau uku cikin awa 24 a shafi ɗaya yana iya shan toshi. Shafin tattaunawar muƙalar za ka je, inda editoci ke warware saɓani.

Sannan ga awon da nake yi wa kaina. Ka ɗauki jimlar ka karanta wa wanda ya yi takara da mutumin naka ya faɗi. In ka ce masa "an zaɓe shi a 2023", dole ya gyaɗa kai ko da yana cizon yatsa. In ka ce masa "jajirtacce ne mai kishin talakawa" fa? Zai ce a gidan wa. Duk jimlar da abokin hamayya zai iya cewa a gidan wa, ra'ayi ce, kuma ba ta shiga da bakin Wikipedia sai dai da bakin wanda ya faɗe ta.

Ɗan Kurna: To Malam ai ba ƙarya na yi ba.

Malam Mai Alli: Ban ce ka yi ƙarya ba. Cewa na yi ka yi kirari.

Tsohon Ɗan Rahoto: Ku bar ni in sa baki, don wannan ciwon na daɗe da saninsa. Laifin ba na yaron nan ba ne shi kaɗai. Mu Hausawa tun muna goye muke jin yadda ake maganar manya, daga bakin maroƙa da sanƙira da mawaƙa, yanzu kuma ga sojojin baka a gidajen rediyo kowane dare. Harshen ya saba, da an ambaci mai mulki sai ya zame zuwa yabo ko zambo, babu tsakiya. Lokacin da na fara aikin jarida na taɓa kai wa editanmu labarin buɗe wani ƙaramin asibiti. Ya ɗauki jan biro ya zagaye kalmomi tara, ya ce mini, "Kai ɗan rahoto ne ko ɗan ma'abba?" Na koma na sake rubutawa, labarin ya rage rabi, kuma a ranar ne na lura ban ma faɗi gado nawa ne a asibitin ba. Yabon ya cinye gurbin bayanin.

Kuma ba a kalmomin yabo kaɗai ɓangaranci ke ɓuya ba, wannan ai mai sauƙin kamawa ne. A kalmar aiki yake kwana. Mutum ya bar jam'iyya: masoyinsa zai rubuta "ya amsa kiran jama'a", maƙiyinsa ya rubuta "ya ci amana" ko "ya tsere". Abin da ya faru shi ne ya sauya sheƙa daga nan zuwa can a wata kaza. Haka "ya fallasa" na nufin ka gaskata shi, "ya yi iƙirari" na nufin kana shakkarsa, "ya amsa cewa" kuwa ka riga ka kama shi da laifi. "Ya ce" ita ce ba ta da dangi.

Uwar Biyu: Baba Allah ya ƙara lafiya. Wannan ta "ya amsa cewa" wallahi ban taɓa lura da ita ba, kuma na sha rubuta ta.

Jar Hula: To tsaya. Ke nan in ina rubuta tarihin Kwankwaso ba zan ce Madugu ba? Duk duniya haka take kiransa.

Gandun Aiki: Duniyar gidansa na Miller Road dai.

Malam Mai Alli: Za ka iya cewa magoya bayansa suna kiransa Madugu, sau ɗaya, shi ke nan. Kamar yadda za a ce magoya bayan Ganduje suna kiransa Khadimul Islam. Sarauta kuma daban ce, ita naɗi aka yi a rana sananniya, don haka cewa Shekarau Sardaunan Kano ne ko Atiku ya riƙe Wazirin Adamawa bayani ne. Amma cikin muƙalar sunansa za ka ci gaba da kira, ba "Mai Girma" ba, ba "Jagora" ba. Kuma me Kwankwaso ya rasa in an bar shi da bayani zalla? Gwamna daga 1999 zuwa 2003, ministan tsaro, gwamna kuma daga 2011 zuwa 2015, sanata, ɗan takarar shugaban ƙasa na NNPP a 2023. Ai ya cika shafi ba tare da ganga ba.

Jar Hula: Na ji. To mu je ga bidiyon dala na Ganduje. Nan ma za ku ce "ana zargi"? Abin da kowa ya gani a wayarsa?

Gandun Aiki: Ga shi nan, dama can inda za ka ke nan. Wace kotu ce ta kama shi da laifi? Ni a ganina ma bai kamata a saka maganar ba sam, ɓata suna ne.

Lauyan Gobe: Ku biyun duk kun kauce, kowa ta gefensa. Yaya Gandun Aiki, ba za a iya cirewa ba, don magana ce da manyan kafafen labarai na gida da waje suka ɗauka, har majalisar dokokin jiha ta kafa kwamiti a kai. Cire ta ɓangaranci ne. Yaya Jar Hula, kai kuma ba za ka rubuta "ya karɓi cin hanci" ba, don wannan hukunci ne, kuma ba edita ke yanke shi ba. Abin da za a rubuta kusan haka ne: a watan Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta wallafa bidiyon da ta ce yana nuna gwamnan yana karɓar daloli daga 'yan kwangila, shi kuma ya musanta, majalisar jiha ta fara bincike, wata kotu ta dakatar da binciken. Kowane gaɓa a nan akwai inda za a nuna. Mai karatu ba yaro ba ne.

Abin da ya fi damuna a rubutunmu shi ne cakuɗa matakai uku: zargi, gurfanarwa, da hukunci. EFCC ta gayyaci mutum, washegari an rubuta ɓarawo ne. Ku dubi Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, su kotu ta same su da laifi a 2018, ta ɗaure su, don haka rubuta "an same shi da laifi" daidai ne. Amma a Afrilun 2022 aka yi musu afuwa, wannan ma dole ya shiga, kuma afuwar ba ta goge cewa an yi hukuncin ba. Orji Kalu kuma an yanke masa shekara 12 a Disambar 2019, Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar a Mayun 2020, ba don ta ce bai aikata ba, sai don alƙalin da ya yanke ya riga ya samu ƙarin girma zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. In ka rubuta "an wanke shi" ka yi kuskure, in ka tsaya a "an ɗaure shi" ma ka yi kuskure.

Gandun Aiki: To zaɓen gwamnan Kano na 2019 fa? Su kullum sai su rubuta "aka ƙwace".

Jar Hula: To me aka yi a mazaɓar Gama in ba ƙwace ba?

Lauyan Gobe: INEC ta ce zaɓen bai kammala ba, aka sake a wasu rumfuna, ta ayyana Ganduje, PDP ta yi zargin tashin hankali da maguɗi ta tafi kotu, Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a Janairun 2020. Haka za a jera. Kuma Yaya Jar Hula ka tuna wannan ƙa'idar ce ta kare naka gwanin. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Abba Kabir Yusuf a Satumbar 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi sahu a Nuwamba. Da wani mai zumuɗi ya rubuta "tsohon gwamna" a lokacin ya yi ƙarya, don yana kan kujera har Kotun Ƙoli ta tabbatar masa a Janairun 2024.

Uwar Biyu: Ni kuma inda nake da ja da ku daban ne. Ina tsoron wannan tsaka-tsakin ya koma mafakar matsorata. Na ga editocin da in aka kawo magana mai nauyi sai su yi ta zuba "wasu na cewa, wasu kuma na cewa" har gaskiyar ta narke. Ku ɗauki Abacha. Mahaifina har ya rasu ba a zagin Abacha a gabansa, kullum zancensa magungunan PTF a asibiti da titunan da aka gyara. Ina girmama wannan. Amma kuɗin da aka dawo da su ba ra'ayi ba ne. Suwizalan ta amince ta dawo da dala miliyan 321 a 2017, a 2020 aka sake dawo da sama da miliyan 300 daga tsibirin Jersey. Rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a ranar 10 ga Nuwamba 1995 shi ma ba "wasu na cewa" ba ne. Yanzu don in zama 'yar ba-ruwanmu sai in ɗora wannan a sikeli ɗaya da mai cewa ai ajiya ya yi wa ƙasa?

Malam Mai Alli: Hajiya ba mu saɓa ba ko kaɗan. Tsaka-tsaki ba rabon gado ba ne da za a ce kowa ya samu daidai. Kowane ra'ayi gwargwadon nauyinsa a majiyoyi masu inganci yake samun wuri. Abin da ya tabbata a faɗe shi kai tsaye, ba "wai". Cewa har yau yana da masoya da yawa a Arewa, da dalilansu, shi ma gaskiya ne, a ba shi layinsa. Zancen ajiya kuma in wani sananne ya faɗa kuma jarida ta ɗauka, a rubuta wane ya ce, a tsaya nan.

Uwar Biyu: To madalla. Saura ku riƙa tunawa da wannan in an zo kan mata. Muƙalar 'yar siyasa sai ka ga layin farko matar wane ce, 'yar wane ce, aurenta nawa. Kujerar da ta ci sai can ƙasa. Ban taɓa ganin an buɗe tarihin sanata namiji da sunan surukinsa ba.

'Yar Damagaram: Sannunku da hira, tun ɗazu nake bi. Ku naku da sauƙi, kuna da kotun da ke rufe magana. Mu nan Nijar suna kawai in ka kira ka riga ka zaɓi ɓangare. Tun 26 ga Yulin 2023, in ka rubuta "zaɓaɓɓen shugaba Bazoum" an san inda ka dosa, in ka rubuta "tsohon shugaba" wasu su ce ai bai sa hannu ya sauka ba. Janar Tiani kuma, "shugaban ƙasa" ko "shugaban mulkin soja"? Abin da ya faru ma, wani juyin mulki yake cewa, wani ceton ƙasa. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne in faɗi aikin: sojojin da ke tsaron fadarsa suka tsare shi, suka sanar da kifar da gwamnati, suka kafa majalisar mulkin soja ta CNSP. Juyin mulki kuwa ina rubuta shi, don shi ne sunan abin a kowane ƙamus, kamar yadda ake rubuta na Salou Djibo a kan Tandja a 2010 ba wanda ya ɗaga gira. Sai dai in gaya muku gaskiya, ba da sunana nake gyara waɗannan shafukan ba, kuma akwai jimlolin da na rubuta na goge kafin in adana. Wannan ma wani karkata ne da ba ya fitowa a tarihin shafi.

Tsohon Ɗan Rahoto: 'Yata Allah ya tsare. Mun ga irin wannan zamanin a nan, ba zan ce miki ki yi jarumtar da ni ban yi ba. Abin da ba za ki iya rubutawa ba ki bar shi a shafin tattaunawa, wani daga nesa ya ɗauka.

Ɗan Kurna: Na karanta duka, jikina ya yi sanyi. Akwai abin da ban faɗa ba. Mai taimaka wa ɗan majalisar ta fannin yaɗa labarai ne ya ce in rubuta, shi ya turo mini bayanan ta WhatsApp. Ya ce in na gama zai ga abin da zai yi a kan kuɗin rajistata. Bai ba ni ko sisi ba tukuna.

Jar Hula: Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Uwar Biyu: Kai Jar Hula bar shi. Da ya yi shiru wa zai sani? Ƙanina ka kyauta da ka faɗa.

Malam Mai Alli: Ka kyauta ƙwarai, kuma ba kai ne farau ba. A 2006 a Amurka aka gano ma'aikatan ofishin wani ɗan majalisa, Marty Meehan, sun gyara shafinsa sun cire alkawarin da ya yi na cewa ba zai zarce wa'adi kaza ba. Abin da suka so ɓoyewa shi jaridu suka fi yayatawa. Tun 2014 kuma sharuɗɗan amfani da shafukan Wikimedia, gidauniyar da ke kula da Wikipedia, suka wajabta wa duk wanda ake biya, ko yake sa ran a biya shi, ya bayyana wanda ya sa shi aikin. Alkawarin rajista yana ciki. Ka rubuta a shafinka na edita ko a shafin tattaunawar muƙalar, sannan maimakon ka gyara da hannunka ka riƙa kawo shawara wani ya duba.

Tambaya ɗaya: cikin bayanan da aka turo maka, akwai abin da kai ka sani amma babu shi?

Ɗan Kurna: Akwai. Ya sauya jam'iyya sau biyu, kuma an kai shi kotun zaɓe, ya yi nasara.

Malam Mai Alli: Ka gani. Ko da an cire "jajirtacce", muƙalar a karkace take, don wanda ya zaɓo abin da za a faɗa shi ya riƙe linzamin.

Gandun Aiki: Ni fa har yanzu ina ganin ana tsananta wa masu mulki. Kowa ya ga dama ya shiga ya rubuta son ransa a kan mutum mai iyali.

Lauyan Gobe: Ai saboda haka ne ƙa'idar rayayyun mutane ta fi kowace tsauri. A 2005 wani ya rubuta a shafin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler cewa an taɓa zarginsa da hannu a kisan John da Robert Kennedy. Ƙarya ce tsagwaronta, mutumin ma tsohon mataimakin Robert Kennedy ne, amma ta zauna wajen wata huɗu. Bayan wannan abin kunyar aka tsaurara. Yau in ka ga mummunar magana a kan rayayye babu madogara, cire ta nan take, ba sai ka jira muhawara ba. Amma ƙa'idar ba ta ce mummunar kaɗai ba, yabon da ake ja a kansa ma haka ne.

Ɗan Kurna: To ga yadda na sake: "An zaɓe shi a 2023. Kafin nan ya sauya jam'iyya sau biyu. Abokin takararsa ya ƙalubalanci zaɓen, kotu ta tabbatar da shi. Ya haƙa rijiyoyin burtsatse a mazaɓarsa." Ya yi?

Tsohon Ɗan Rahoto: Ukun farko sun yi, in ka sa shekaru da sunayen jam'iyyun da inda ka samo. Ta huɗun ce da saura. "Ya haƙa" da kuɗin wa? In aikin mazaɓa ne, daga kasafin gwamnatin tarayya kuɗin ya fito, wata hukuma ta bayar da kwangilar, shi nasa shi ne ya sa a saka aikin. In daga aljihunsa ne, wannan wata magana ce. Je ka karanta allon da ke jikin rijiyar.

Ɗan Kurna: Baba allon hotonsa ne ya cinye rabi. Amma zan duba ƙasan. In na ɗauki hoto ya zama madogara?

Malam Mai Alli: Hoton ka ɗora shi a Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke ɗauka, zai yi amfani, amma iyakarsa ya nuna akwai rijiya da allo. Nemi rahoton jarida, Aminiya ko Daily Trust ko wata mai edita a kanta. Shafinsa na Facebook ba ya zama shaida a kan aikinsa.

Uwar Biyu: Nan kuma matsalarmu take, Malam. Ɗan majalisar ƙauye wace jarida ce ke bin sa? Labarinsa a rediyo yake, a faɗa da dare iska ta kwashe, kuma rabin shirye-shiryen ma sayen fili aka yi.

Malam Mai Alli: Haka ne, kuma ba ni da maganinta. Labaran da tashar ta sa a shafinta na intanet ana iya kafa hujja da su, filin da aka saya kuwa talla ne. In ba a samu komai ba, muƙalar ta zauna gajera har a samu.

Ɗan Kurna: Jama'a ga mutumin nan yana kirana, karo na biyu ke nan. Ya ga an rage rubutun. Me zan ce masa?

Jar Hula: Ce masa caji ya ƙare.

Tsohon Ɗan Rahoto: A'a. Ɗauka ka gaishe shi, ka ce shafin ba naka ba ne ba nasa ba ne, kuma maganar kotun za ta shiga ko da hannunka ko da na wani. In yana da rahoton jarida a kan rijiyoyin ya turo. Rajistar nawa ce ma? Biyo ni ta gefe.